Maɓallin Baba Tsoho

Bari in fara da laifina kafin ƙannena su riga ni, domin idan su suka ba da labarin nan sai ka ɗauka gidanmu na cinna wa wuta. Abin da na yi ƙarami ne. Wani rubutu ya fito a kan kwamfutar Yaya Saratu yana tambaya ko ina so a sabunta, ni kuwa tun ina rarrafe ban taɓa ganin abin dannawa na wuce shi ba. Na danna. Kafin in gama haɗiye lomar ɗanwaken da ke bakina, aikin da na kwashe kwana shida ina yi ya ɓace. Na san mai shekara goma sha bakwai bai isa rubuta tarihin rayuwarsa ba, ko gemu ban da shi sai gashi uku da nake ƙirgawa kowace Juma'a. Amma abin ya faru bara, a hutun damina, kuma gara in rubuta shi yanzu, don 'ya'yan da zan haifa su ji daga bakina.

Kakana na wajen uba, Malam Usmanu, wanda muke kira Baba Tsoho, yana zaune tare da mu a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Malami ne, ya karantar da mutane a zaurenmu tun kafin a haifi mahaifina. Idonsa ya yi rauni har ya daina ganin baƙi a takarda. Yana da aboki a Argungu, Malam Garba, wanda suka yi karatu tare suna samari a gaban malami ɗaya. Sun fara wani littafin fiƙihu mai kauri, malaminsu ya rasu saura babi kaɗan su sauke. Malam Garba ya je wani gari ya ƙarasa. Baba Tsoho kuwa noma da iyali suka riƙe shi. Ya san abin da ke cikin babobin nan, ya ma karantar da irinsu a wasu littattafai, amma ya ce sani daban, ji daga bakin wanda aka karantar daban. To da tsufa ya zo musu duka, sai Malam Garba ya fara karanta littafin daga farko, darasi ɗaya kowane mako, 'yarsa Malama Luba tana ɗaukar muryarsa tana sawa a wani ɗan shafi na intanet don ɗalibansa na nesa.

Da farko mu muke kunna wa Baba Tsoho. Amma shi mutum ne da ya gwammace ya kwana da ƙishirwa da ya ce a miƙo masa ruwa. Idan ya ga kowa na harkarsa, sai ya yi shiru, darasi ya wuce. Shi ya sa na haɗa masa wata 'yar manhaja a tsohuwar wayar Inna. Ba komai a cikinta sai maɓalli ɗaya, kore, mai faɗin faifan tuwo, wanda ko da ido a rufe yatsa zai same shi. Ya danna, sabon darasi ya fara. Ranar da ya fara gwadawa ya ce ashe kaina yana da amfani ban da ɗaukar hula.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce rabin aikin ba nawa ba ne. Masu rubuta manhaja suna da abin da suke kira laburare. Ba ɗakin littattafai ba ne, ƙunshin aiki ne da wasu suka riga suka rubuta suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta ya ɗora nasa a kai. Wanda na ɗauka aikinsa ɗaya: ya je shafi ya karanto jerin sabbin abubuwan da aka sa. Wannan jerin kuwa iri biyu ake rubuta shi, akwai RSS, akwai Atom, kamar dai boko da ajami, magana ɗaya, hannu daban. Laburaren nan RSS kaɗai ya iya. Muna cikin jin daɗi sai Malama Luba ta koma wani sabon shafi da ke fitar da Atom kawai. Maɓalli ya yi shiru. Na shiga cikin laburaren da ke kwamfutarmu na yi ta yanka ina liƙawa har kwana shida, ya fara karanta Atom. Na yi yawo a tsakar gida ina cewa a fara kirana Injiniya. Kwana uku bayan haka na danna sabuntawar nan, sabon zubi ya sauko ya hau kan nawa ya shafe shi tas, na kuma tura shi haka a wayar ba tare da na duba ba.

Da la'asar Baba Tsoho ya danna, shiru. Ya sake dannawa. Ina laɓe bayan ƙofar zaure ina kallo. Bai kira kowa ba. Ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa, ya tura ta ƙarƙashin buzu, ya ɗauki carbinsa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Yaya Saratu ita ce babbarmu, tana karatun kwamfuta, kuma ita ce mai kwamfutar da nake taƙama da ita. Da na faɗa mata sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta tuna mini abin da nake gudun tunawa: saura mako biyar in koma makarantar kwana. Ita za a bar wa wayar, kuma dole wata rana ta sabunta. Duk gyaran da na ɓoye a kwafinmu zai sake mutuwa, ita kuma ba za ta zauna tana tono liƙe-liƙena ba. Littafin kuwa saura darasi tara. Ta ce hanya ɗaya ce, in aika gyaran ga masu laburaren su sa shi cikin na asali, yadda kowace sabuntawa za ta zo da shi.

Na tambaye ta ko suna karɓar aikin ɗan sakandare daga Nasarawa.

"Ba su san ko kai wane ne ba, Mu'azu," in ji ta. "Aikin suka dubi. Wanga shi na abin tsoron."

Ta buɗe mini shafin da laburaren yake zaune, ta nuna mini tarihinsa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kowane layi da aka taɓa canzawa yana nan, da sunan wanda ya canza, da dalilinsa. Na yi ta gangarawa ƙasa har yatsana ya gaji. Wani ya gyara waƙafi ɗaya tak, an rubuta sunansa. Wani ya zo ya yi aikin wata guda ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, amma layukansa suna nan suna aiki, har a wayar Inna. Sunaye iri-iri, wasu da baƙaƙen da ban san ta ina ake fara karanta su ba. Farkon layin an rubuta shi tun ina aji ɗaya na firamare, ina cin alli. Duk waɗannan mutanen ba su san Baba Tsoho ba, amma su suka yi ta kai masa muryar abokinsa.

Na sake rubuta gyaran cikin kwana huɗu, na sa kwafinsa a wayar don kada Baba Tsoho ya jira, na kuma aika musu. A saƙon na rubuta Turancin da na fi ƙauna, har da kalmomi biyu da na ciro daga ƙamus. Na zaci za su aiko da jirgi.

Amsa ta zo washegari daga matar da ke kula da laburaren. Ban san ƙasarsu ba, abin da na lura kawai shi ne idan muna cin abincin rana ita tana cewa barka da safiya. Ta gode mini. Sannan ta jera abubuwa goma sha huɗu da ke buƙatar gyara, na ƙirga. Babban cikinsu shi ne na cusa Atom a tsakiyar laburaren, na kuma jawo wani ƙaton ƙunshi da dole kowa ya sauke, ko yana so ko ba ya so. Ta ce akwai masu amfani da laburaren a ƙananan na'urori da ba su da wurin ɗaukar wannan nauyi, kuma idan ta karɓa haka, nasu zai tsaya. Ta ce in mai da shi zaɓi: a kashe yake, sai wanda ya bukata ya kunna.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba tun ranar da aka hana ni bugun fanareti. Na je zaure na zube gaban Baba Tsoho ina faɗa masa wata mata da ko Argungu ba ta san inda take ba ta raina aikina. Ya bari na gama. Ya tambaye ni abin da ta ce daidai, ba abin da na ƙara ba. Na faɗa. Sai ya ce in ɗauko masa gafakar da ke saman akwati.

A ciki akwai littafin nan da ba su sauke ba, rubutun hannu, takardun sun yi ja saboda tsufa. Bai ganin baƙi, amma yatsunsa sun san hanya. Ya ce in duba tsakiyar shafi, in kuma duba gefe. Tsakiya rubutu ne manya, a jere. Gefe kuwa cike yake da ƙananan rubutu, wani a kwance, wani a karkace, wani ya zagaya kusurwa kamar ayarin tururuwa, tawada kala-kala. Ya ce na tsakiya shi ne matani, maganar mai littafi. Na gefe hashiya ce, ƙarin da masu karatu suka yi, mutum bayan mutum. Ya aza yatsa a kan wani rubutu siriri ya ce wannan hannun malaminsu ne.

"Malaminmu ya hi ka sani nesa ba kusa ba," in ji shi, "amma bai taɓa tsoma alƙalami cikin matani ba. Gefe yaka rubutu. Mai so shi karanta, wanda bai so shi wuce, littahe bai ɓaci ba. Kai ko daga zuwa ka haye tsakiya da takalmi."

Na ce ai nawa gyara ne, ba ɓarna ba.

"Kowane maɓarnaci haka yaka cewa. Wagga mata malama ta. Bi abin da tac ce."

Ya sa na juya zuwa shafin ƙarshe. Wanda ya kwafi littafin ya rubuta sunansa, da sunan wanda ya kwafa daga gare shi, yana roƙon duk wanda ya ga kuskure ya gyara ya yi masa addu'a. Abin da na gani a kwamfuta ke nan, sai dai wannan da tawada. Na faɗa wa Baba Tsoho. Ya ce to ashe mutanen nan suna da tarbiyya, ni ne dai bare a cikinsu.

A makon ne ake fara gasar ƙwallo ta unguwa, kuma ni ne mai lamba tara, ko da yake akwai masu gardama a kan haka. Ba zan iya atisaye safe da yamma in kuma gyara abubuwa goma sha huɗu ba. Na je na ce wa kyaftin ɗinmu ya ba wani rigata. Wanda aka ba ya ci ƙwallo biyu a wasan farko, har yau kuma ba a dawo mini da ita ba. Na cire ƙaton ƙunshin nan, wanda shi na fi alfahari da shi. Na fitar da Atom daga tsakiya na yi masa ɗakinsa a gefe, da ƙofa a rufe. Wanda bai kunna ba, ko sanin yana nan ba zai yi ba.

Ina cikin wannan sai wata matsala ta ɓullo daga zaure. Baba Tsoho ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ni ko na ji labarin lafiyar Malam Garba. Ya ce kwana uku ke nan yana danna maɓalli, Garba yana maimaita wani darasi da suka wuce tun kafin azumi. Yana tsoron ko abokinsa ya fara rikicewa. Bai so a buga waya a tambaya, kada iyalinsa su ji kunya. Na duba, na ga lallai tsohon darasi ne ya hau sama, amma ban gane dalili ba. Na ce zan je in gani da idona.

Ranar Asabar na shiga mota a tasha. Bayan Ambursa fadama ta buɗe, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, ruwa yana ƙyalli a tsakaninta. Mutumin da ke kusa da ni yana riƙe da buhun albasa a cinya kamar jariri, na isa Argungu ina hawaye ba tare da an yi mini komai ba. Malam Garba na same shi garau, ya fi ni hankali. Ya tambayi kowa na gidanmu da suna, ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da kifin da kansa ya kusa kai nawa. Da na kawo maganar darasin, Malama Luba ta yi murmushi ta ce ai laifin Malam ne. Duk bayan kwanaki yakan sa a kunna masa tsofaffin darussa ya saurara. Idan ya ji inda harshensa ya zame, ko wasali ɗaya ne, sai ya ce a sake ɗauka a maye gurbin. Ba ya yarda kuskurensa ya kwana a kunnen ɗalibi.

Nan take na gane. Atom yana ajiye rana biyu ga kowane abu, ranar da aka fara sa shi da ranar da aka gyara shi. Ni na ɗauki ranar gyara na ce ita ce sabuwa. Duk sanda Malam ya gyara wasali, tsohon darasi sai ya tsallako gaba ya tare hanya. Na bayyana musu, har da tsoron da Baba Tsoho ya ji. Malam Garba ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Wato Usmanu ya ɗauka na haukace? Ka ce mishi ni da shi za mu ga wanda za shi riga wani."

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daina dariya. Ya ce in gaya wa kakana ba zai yi gaggawa ba, ba kuma zai tsaya ba, babin ƙarshe dominsa yake karantawa.

Na dawo na gyara, na kuma rubuta wa matar nan labarin duka, har da wasalin. Na zaci za ta ce ba ruwanta. Sai ta amsa cewa ba ta taɓa tunanin wannan ba, kuma a mai da shi gwaji na dindindin. Gwaji wani ɗan rubutu ne da ke bincikar aikin da kansa duk lokacin da wani ya taɓa laburaren. Na rubuta shi da darussa uku na ƙarya, ɗaya an gyara shi daga baya, dole kuma ya tsaya a matsayinsa. Da na aika, wasu na'urori a wani wuri da ban sani ba suka kama aiki su kaɗai, suna gwada rubutuna ta hanyoyi daban-daban. Ina zaune a kan tabarma, akuyar Inna tana cin igiyar shanya, alamomi suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Na kira Yaya ta zo ta gani. Ta ce haka ake yi kullum. Na ce ita dai zuciyarta ta bushe. Daga yanzu, ko bayan shekara nawa, duk wanda ya karya wannan wurin, ɗabi'ar wani tsoho na Argungu ce za ta tsayar da shi, shi kuma bai ma sani ba.

Abubuwa goma sha huɗu suka koma shida, shida suka koma biyu. Wani mutum dabam, wanda ban taɓa gani a zancen ba, ya shigo ya ce ya daɗe yana jiran wannan don wani gidan rediyon ƙauyensu, ya gwada nawa, ya nuna mini inda yake tuntuɓe idan gurbin sunan shiri ya zo babu komai a ciki. Na gyara. Sai matar ta rubuta cewa za ta yi tafiya, za ta duba idan ta dawo. Saura kwana uku in koma makaranta. Na duba shafin nan sau ɗari a rana, ko sau dubu, Inna ta ce zan huda kwamfutar da ido.

Ranar tafiya na je sallama. Na faɗa wa Baba Tsoho gaskiya, cewa ba a karɓa ba tukuna, wayar tana tafiya ne da kwafina, kuma idan wani abu ya lalace kafin a karɓa sai dai ya yi wa Yaya magana. Na roƙe shi kada ya tura ta ƙarƙashin buzu ya yi shiru.

"Ka yi naka," ya ce. "Tahi ka yi karatu, Injiniyan ɓarna."

A makarantarmu ba a barin waya. Kwana tara ina ƙirga darussa a bayan littafin lissafi, saura uku, saura biyu. Ranar ziyara Yaya Saratu ta zo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da wata takarda da ta buga. Jerin canje-canjen sabon zubi ne. Layi na huɗu ya ce an ƙara karanta Atom, na zaɓi, a kashe yake sai an kunna. Sunana yana gefe, tsakanin wasu biyu da har yau ban iya furta su ba.

Yaya ta sabunta wayar a daren ranar da aka karɓa ɗin, ta kunna zaɓin, maɓalli bai yi shiru ba. Mako biyu bayan haka, ranar Alhamis bayan la'asar, Baba Tsoho ya danna da kansa ya saurari babin ƙarshe, gafakar tana buɗe a cinyarsa. Ba ni nan. Inna ce ta gani ta taga, ta ce da aka gama ya shafa addu'a, ya sa aka kira masa Argungu, suka yi minti biyu suna gardama a kan wani wasali.